Ƙofar Ruwan Gonarmu ta Kellumari

Bulabulin, Maiduguri.

Zuwa ga ɗana Babagana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina kuma roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko a cikin mota ka buɗe ta ko sai bayan ka sauka. Allah ya kai ka Kellumari lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutum da na dabba, ya sa ka shiga garin kakanninka da ƙafar dama.

Na san za ka yi dariya ka ce gida ɗaya muke kwana, me ya kawo wasiƙa. Ai ka san halinmu. In na fara magana sai idonka ya koma kan waya, ni kuma in hasala, mahaifiyarka ta shigo da kwanon abinci ta raba mu, maganar ta mutu a nan. Ban da haka, can inda za ka babu sabis sai ka hau tudu ka ɗaga hannu sama kamar mai kiran akuya. Takarda kuwa ba ta neman caji, kuma ba ta katse ni in ina magana.

Ka san abin da zai kai ka, amma bari in maimaita don mu tsaya a kan magana ɗaya. Tun da hankali ya fara kwanciya mutanenmu suna ta komawa gida. Sabon Bulama, wato mai garin, ya aiko cewa kafin damina kowa ya zo ya nuna gonar gidansu, domin shekarun da aka yi ba a noma sun share duk iyakokin. Wanda maƙwabcinsa na gona ya shaide shi, gonarsa tasa ce. Wadda ba a samu mai shaida ba, za a ba waɗanda suka dawo hannu wofi, kuma ban ga laifinsa ba. Ni gwiwoyin nan ba za su kai ni ba, kai kuma ka ce ka gaji da jiran aiki a gari, noma kake so. Na ji daɗin wannan magana fiye da yadda na nuna maka. Sai dai ga inda gizo yake saƙar: cikin duk waɗanda suka yi iyaka da gonar kakanka, mutum ɗaya ne ya rage a raye, Mala Kyari, kuma babu wanda na taɓa ɓata wa a duniyar nan kamar shi. Ya zo nan gidan ranar Juma'ar da ka tafi Kano sayo injin ban-ruwa. Zan gaya maka yadda muka yi da shi, amma ba za ka gane ba sai ka fara sanin ƙasar.

In ka wuce Zabarmari da fadamun shinkafarta, ka ci gaba har kwalta ta ƙare, za ka ga ƙasa ta sauya launi ta koma baƙa, a shimfiɗe, babu dutse, babu gangare, sai ƙayoyi nan da can. Ita ce firgi. Da rani tana bushewa ta tsattsage, tsagar har ƙafar ɗan akuya takan faɗa ciki. Da damina kuwa ta zama laka mai kama ƙafa. A tsakiyar wannan baƙar ƙasa akwai tudun yashi guda, ba wani mai tsawo ba, ɗan birni ma zai iya hawa bai san ya hau ba. A kansa garinmu yake, da tsohuwar tsamiya a bakin masallaci. Rijiyoyi biyu ne. Ta gabas ruwanta zartsi ne, ta dabbobi ce da wanki. Ta yamma ita ake sha. Arewa da gari akwai tabki, inda duk ruwan gonaki yake ƙarewa. Ka riƙe wannan da kyau: idonka zai ce maka ƙasar a miƙe take kamar faranti, amma ƙarya yake yi. Ta ɗan karkata, kuma ruwa daga kudu yake tasowa ya nufi arewa.

Kuskurena na farko a kan wannan ƙasa abin dariya ne, har yanzu in mahaifiyarka tana son ta ba ni haushi shi take tayarwa. Ina saurayi an kawo ni Maiduguri koyon ɗinki, na yi 'yan watanni, na ari keken ubangidana na nufi gida don a ga na waye. An yi ruwan farko kwana ɗaya kafin nan. Hanyar da kowa ke bi burtalin shanu ne, wanda ya zagaya ta kan yashi, yana da nisa. Ni kuwa na hango tsamiyar garinmu ga ta nan, na ce me zai sa in yi zagaye kamar saniya. Wani tsoho mai jaki ya ɗaga mini hannu ya ce, "Yaro, nan ba hanya ba ce." Na ce masa, "Baba, wannan keke ne, ba jaki ba." Ban yi nisa ba laka ta cika tayoyin, suka ƙi juyawa. Na sauka, ta cire mini takalmi ɗaya, har yau yana can. Haka na shiga gari da keke a kai, wandona fari ya koma baƙi, 'yan mata suna bakin rijiya, mahaifiyarka tana cikinsu. To ka ji: da zarar ruwa ya sauka, ka bi inda shanu suke bi, ko da kana ganin gari da idonka. Kuma in tsoho ya ɗaga maka hannu a hanya, ka tsaya ka ji abin da zai ce kafin ka ba shi amsa mai daɗi a bakinka.

Tarihin garin kuwa, abin da zan ba ka guntu ne, kuma laifina ne. Kakata Ya Fanta ta san shi tun daga tushe. Takan zauna tana kaɗi da yamma tana faɗin wane ya haifi wane, wace shekara tabki ya ƙafe, wa ya haƙa wace rijiya. Ni kuwa hankalina yana birni. In ta fara sai in ce ana kirana. Ina ganin labarin yana nan kamar tsamiyar masallaci, duk ranar da na ga dama zan zo in same shi. Ranar da aka aiko mini ta rasu ina kan keken ɗinki, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne ban ma san sunan mahaifinta ba.

Ga abin da ya maƙale a kunnena. Wata mata ce mai suna Kellu ta kafa garin, shi ya sa ake ce masa Kellumari. Ta taso ne daga wajen tafkin Chadi da ƙannenta da 'yan shanunsu, suna gudun wani yaƙi na zamanin da. Damina ta tare su a kan tudun nan, laka ta kewaye su ta ko'ina, dole suka zauna jiran ƙasa ta bushe. Dawar da ta zube mata a kan yashi ta tsiro. Da ruwa ya fara janyewa sai ta tausaya wa tsiron, ta ciccire shi ta dasa a cikin lakar da ke bushewa, ba ta sa rai da komai ba. Sai ga shi ya girma babu ko ɗigon ruwan sama, ya yi zangarniya a tsakiyar sanyi. Wai daga nan aka samo masakwa, dawar rani da muke nomawa. Kada ka je kana bugun ƙirji da wannan labari a kasuwa, domin duk ƙauyen da ke kewaye da mu suna faɗin irinsa, kowa da sunan tasa kakar. Amma dai tamu ce ta gaskiya.

Na kuma ji cewa a zamanin kakan kakanka mutane sun gaji da ɗaukar ruwa, suka sauka daga tudu suka koma bakin tabki. Sauro da ambaliya suka koro su, suka dawo suna sunkuyar da kai. Wurin yana nan, kufai ne, in ka tona za ka ga fasassun tukwane. Iyakar abin da na sani ke nan daga garin da ya haife ni. Saboda haka ina roƙonka, tsofaffin matan da suka koma, ka riƙa zama wurinsu da yamma. Ka kai musu goro, ka yi shiru. Wayar nan da ta hana ka jin maganata, ka kunna ta ta ɗauki tasu, ko ta yi wani amfani a duniya.

Da na saurari labarin kufan nan da kunnen basira, da ban yi kuskure na gaba ba. Lokacin da za a kawo mahaifiyarka, na ce ni ba zan sa amaryata a ɗakin ƙasa cikin cunkoson tudu ba. Na sauka ƙasa, gefen firgi, inda fili yake a wadace, na sa aka kawo bulo daga gari. Da rani ne, ƙasar da tauri kamar siminti. Mahaifina ya zo ya tsaya yana kallo, ya ce, "Ƙasar nan numfashi take yi. Da damina ta kumbura, da rani ta motse." Na ce masa ai shi ya sa ake yin harsashi. Ya juya ya hau tudu, domin shi mutum ne da ba ya faɗin abu sau biyu. Ɗakin ya yi kyau, har daga wasu ƙauyuka ake zuwa kallo. Damina ta wuce, rani ya shigo, bango ya tsage daga sama har ƙasa, muna kwance muna ganin mai wucewa. Mahaifiyarka ta naɗe tabarmarta ta hau tudu wurin surukarta, ta ce in na gama zama ɗan birni in same ta a can. Kai ma za ka yi gini wata rana. Ka yi a kan yashi, cikin mutane, ko da filin bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Inda ka ga an bari babu gini tun zamanin Kellu, ba don ba a gan shi ba ne.

Yanzu na zo kan babbar maganar, kuma ina so ka karanta a hankali.

Masakwa ba ta shan ruwan sama. Abin da ƙasa ta sha ta ajiye a cikinta da damina, shi take tsotsa har ta nuna. Don haka kowace gona ana kewaye ta da 'yar madatsa ta ƙasa, tsayinta bai wuce gwiwa ba, don ta tare ruwa ya kwanta ya ratsa. Wannan madatsa ita ce kuma iyakar gona. A gefenta na arewa ana barin wani ɗan wuri da ake toshewa da laka, shi muke kira ƙofar ruwa. In gonarka ta sha ta ƙoshi, sai ka buɗe, ruwan ya wuce gonar da ke ƙasa da kai, shi ma in ya ƙoshi ya buɗe wa na ƙasa da shi, haka har tabki. Al'adar da muka gada ita ce, na ƙasa ba ya taɓa ƙofar na sama, ko da gonarsa za ta ƙone. Ba ya ma roƙo. Abin da yake yi shi ne ya zo da safe ya tsaya a kan madatsa, daidai ƙofar, ya gaishe ka. Wannan gaisuwa ita ce maganar. Kai kuma ka ɗauki fartanyarka ka buɗe da hannunka. Ban taɓa jin an kai ƙara wurin Bulama a kan wannan ba, domin ban taɓa jin wanda ya ƙi buɗewa ba, sai ni.

Gonarmu tana kudu, ta su Mala Kyari tana arewa da ita, wato mu ne na sama. Tare muka tashi da shi, allo ɗaya, kaciya ɗaya. Shekarar da mahaifina ya rasu gona ta dawo hannuna, kuma aka yi ƙarancin ruwa. Ɗan abin da ya sauko daga kudu ya taru a gonata, ya kai idon sawu, yana ƙyalli. Tasa kuwa ko jiƙa ba ta yi sosai ba. Ya zo da safe ya tsaya a ƙofar ruwa ya ce, "Wushe, Bukar. An tashi lafiya?" Na amsa, na tambaye shi iyali, na ci gaba da abin da nake yi kamar ban san me ya kawo shi ba. Ya ɗan jima ya tafi. Washegari ya dawo. Haka ya yi ta zuwa, kullum gaisuwa, kullum ina ce wa raina gobe, bari ƙasata ta ƙara sha kaɗan. Da na ga ba zan iya ci gaba da haɗa ido da shi ba, sai na ƙirƙiro tafiya, na taho Maiduguri na yi kwanaki. Na san sarai ba zai taɓa ƙofar ba ko ba na nan, kuma da wannan sanin na tafi. Da na koma, ƙasa ta shanye ruwan duka, babu sauran abin da za a buɗe.

Ina so in ce maka Allah ya kama ni a take, gonata ta lalace, don labarin ya yi daɗin ji. Ba haka aka yi ba. Masakwata ta yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba, zangarniya kamar kan jariri. Ta Kyari ta tsaya iya ƙwauri ta bushe. Babu wanda ya zage ni. Sai dai ranar girbi na kira gayya, mahaifiyarka ta dafa abinci mai yawa, babu wanda ya zo, kowa da uzurinsa. Ni da ita muka girbe gonar, abincin ya kwana a tukunya. Da wannan dawar na sayi keken ɗinki na kaina, na tattara na dawo Bulabulin, ina gaya wa mutane ƙauye ya yi mini kaɗan. Gaskiyar ita ce kunya ce ta kore ni. Na ba wani ɗan uwa aron gonar, ina zuwa sai ta'aziyya ko ɗaurin aure, in kwana ɗaya in gudo. Shi ya sa ban taɓa kai ka ba, shi ya sa kuma ban damu ka iya Barbarci sosai ba. Keken da ya biya maka makaranta, ruwan Kyari ne a cikinsa. Ya kamata ka sani.

Da shekarun tashin hankali suka zo, garinmu ya watse kamar sauran. Ka tuna mutanen da suka zauna a zaurenmu da ɗakin baya, lokacin kana sakandare, har kana ƙorafin an hana ka wurin karatu? Dogon nan mai ɗan gemu da yake gyara mana magudanar ƙofar gida ba wanda ya sa shi, shi ne Mala Kyari. Kada ka ɗauka alheri na yi. Na ji daɗi ne a ɓoye, ina ganin ga hanyar biyan abin da ke kaina ba tare da na buɗe baki ba. Wannan ma kuskure ne. Mun yi watanni muna cin tuwo a kwano ɗaya, kullum maganar tana maƙogwarona, kullum ina haɗiye ta da miya. Har ya tattara iyalinsa ya koma Zabarmari aikin shinkafa, ya yi mini godiya mai yawa, ni kuma na karɓa ba kunya. Ɗana, in ka ɓata wa mutum, tuwo ba ya zama ban haƙuri. Ka faɗa da bakinka, tun abin yana ɗanye.

To, da saƙon Bulama ya zo, na yi kwanaki abinci ba ya mini daɗi. Na san in Kyari ya ce shekaru sun yi yawa, bai tuna ba, babu mai ganin laifinsa, kuma gonar kakanka ta tafi ke nan. Ba sai ya yi ƙarya ba ma, shiru kawai zai yi, irin wanda na yi masa. Ina ta shawarar yadda zan aika masa, sai ga shi da kansa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya tsufa, ya rame, amma tafiyarsa tana nan. Ashe ya riga ya koma Kellumari tun watannin baya. Muka gaisa, mahaifiyarka ta kawo ruwa da fura. Ya ce ya ji ɗana zai koma noma.

Na ce, "Haka ne, Mala. Sai dai ban san ko za a gane gonar ba. An ce madatsu duk sun baje."

Ya ce, "Sun baje. Ko ni tawa sai da na yi ta lalube. Taku ta kudu da ta yamma na gane su da kututturen ƙayar nan da mahaifinka ya sare."

Na yi ƙarfin hali na ce, "Ta tsakaninmu fa?"

Ya ajiye ludayi ya dube ni, sai ya yi dariya har haƙoransa biyun da suka rage suka fito. Ya ce, "Bukar, wannan ai ko da ido rufe. Wurin da na yi ta tsayawa kowace safiya ina kallon ruwanka? In na tsaya a nan, tsamiyar masallaci tana daidai kafaɗata ta hagu, bakin tabki yana bayana. Duk ƙasar Borno babu inda na sani kamar wurin nan."

Babagana, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, a gaban mahaifiyarka kuwa. Abin da na kasa faɗa tun kafin a haife ka ya fito da kansa. Na ce, "Mala, na zalunce ka. Na san abin da ya kawo ka, na yi kamar ban sani ba. Ka yafe mini."

Ya ce, "Na ji haushinka, ba zan ɓoye maka ba. Shekarar nan sai da muka sayar da saniyar gidanmu. Na daɗe ina jiran wannan maganar, har a zauren nan naka na jira ta. Amma ka san al'adarmu, na ƙasa ba ya roƙo." Ya sake ɗaukar ludayinsa ya ce, "Tun da ka buɗe, shi ke nan, ya wuce. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Furar nan a ƙara mini sukari."

Kafin ya tafi ya gaya mini ya riga ya je wurin Bulama ya shaida gonar, tun ban aika ba. Shi da 'ya'yansa sun ma ɗaga madatsar da ke tsakaninmu, tun da tasu iyakar ce su ma. Wuri ɗaya kawai suka bari. Ya ce, "Ƙofar ruwa ban taɓa ta ba. Wannan aikin na sama ne. Ka ce wa yaron ya zo ya yi abarsa."

Tun ranar nake barci kamar jariri, har mahaifiyarka tana cewa minsharina ya ƙaru. Na duba rayuwata na ga Allah ya yi mini alheri fiye da yadda na cancanta. Na ci, na sha, na aurar, ban taɓa kwana a asibiti ba sai na gwiwa, ga shi kuma ɗana zai koma inda na gudo. Ba ni da wani abin da nake nema kuma.

Saura 'yan ƙananan abubuwa. In ka isa, kafin ka sauke kaya ka fara zuwa gidansa. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka kira shi Ba Kyari, wato Baba Kyari, kada ka miƙa masa hannu sai ya miƙo. Ka gaishe shi da ɗan Barbarcin da kake da shi, za su yi maka dariya, ka bar su su yi, da haka za ka koya. Akwai hula da na ɗinka masa tana cikin jakarka ƙarƙashin gari da kukar da mahaifiyarka ta sa, kada ka bari mai ya taɓa ta. Shi zai kai ka wurin Bulama, shi zai nuna maka inda ake yafa irin dashe a kan yashi da lokacin da ake cirewa. Injin da ka sayo ban hana ka ba, zai yi maka amfani a bakin tabki in kana son albasa da tumatir. Amma kada ka ja ruwa da shi daga inda wani yake jira. In zangarniya ta fito, tsuntsayen jan-baki za su zo da yawa, ka shiga cikin masu kora ko ba gonarka suka sauka ba. Kada ka sha rijiyar gabas, ko ƙishi zai kashe ka. Sallah kuwa ba sai na faɗa ba.

Abu ɗaya nake roƙonka ka yi mini, ni da kaina, ba don gona ba. Damina za ta zo, ruwa zai taru a gonarka, zai yi ƙyalli da safe, kuma zuciyarka za ta ce maka bari ya ƙara kwana ɗaya. Na san muryar, irin tawa ce. Mala Kyari ya tsufa, ƙafarsa ba ta son laka yanzu, amma na san shi, zai ɗauki sandarsa ya taho gaishe ka. Kada ka bari ya iso. Ranar da ka ga ƙasarka ta ƙoshi, ka fita tun da sassafe ka buɗe ƙofar, ya zamana ruwan ne ya tarye shi a hanya. Mutumin nan ya tsaya a wurin nan iya tsayuwar da ta ishe shi.

Allah ya kai ka lafiya, ya zaunar da garinmu lafiya, kada ya sake nuna mana abin da muka gani. Allah ya ba ku damina mai albarka, ya tsare ka daga maciji da zazzaɓi da mugun aboki, ya sa mutanen Kellumari su ji daɗin zama da kai. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce in gaya maka ka riƙa shiga gidan sauro, kuma in ka ga wata a bakin rijiyar yamma ka tabbata wandonka da tsabta. In masakwa ta nuna, ka aiko mini da zangarniya biyu, ɗaya daga gonarmu, ɗaya daga tasa.

Na bar ka a hannun Allah. Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Bukar Tela